Maƙeran Katako da 'Yan'uwansu na Zango

Kafin idonka ya ga maƙeran kasuwar Katako a Yamai, kunnenka ne zai kai ka wurinsu. Dukan masaba a kan tsohuwar ganga ba ya lafawa sai an kira salla. A nan ake tsaga ganga a miƙe ta, ta koma adaka, a shafe ta da fenti a zana mata furanni. A nan ake narkar da gwangwanin lemo da tarkacen injin mota, a zuba a cikin ƙasar da aka danne, a fito da tukunyar da za ta ciyar da gidan biki. Masu wucewa sana'ar gwangwan suke kiranta. A ganina fasaha ce, kuma Hausawan da ke zaune a ƙasashen waje su ya fi kamata su gane haka.

Ita kanta sana'ar 'yar tafiya ce. Zubin tukunyar alminiyam bai bazu a Afirka ta Yamma ba sai bayan yaƙin duniya na biyu, kuma 'yan ci-rani ne suka yi ta yawo da shi: yaro ya koya a hannun ubangidansa a wani birni, ya dawo ya kafa tasa rumfar. Hausawan Katako ma da yawansu zuwa suka yi ƙasar Zabarmawa, daga Adar da Arewa da Maraɗi da Damagaram. Saboda haka wanda ya ƙera adakar da wanda ya ɗora ta a kan mota zuwa Lome ko Abijan sun san ɗacin barin gida iri ɗaya.

Nijar ta daɗe da sanin cewa ci-rani na haifar da gwani. Oumarou Ganda yana aikin dako a Abijan mai shirya fim Jean Rouch ya same shi, ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958, labarin samarin Nijar a unguwar Treichville. Ganda ya dawo gida ya riƙe kyamara da kansa, har fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1972. Yau akwai cibiyar al'adu mai sunansa a Yamai. To, fim ana rubuta sunan mai shi a jikinsa. Adaka fa? Za ta yi shekara talatin a ɗakin wata tsohuwa a zangon Kumasi, jikoki su gaje ta, ba wanda ya san hannun da ya zana furannin.

A duba unguwar Nima a Akara, inda Hausa ce harshen titi. Matasan wurin sun haɗu a ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art suna zane a bangon unguwarsu, suna koya wa yara. Zanen Moh Awudu ya wuce Nima tuni. Rufai Zakari, ɗan Bawku, ledar ruwa da ta kayan masarufi ake tsinto masa, a wanke, a ɗinka, su zama hotunan mutane da ake baje kolinsu har a Turai. Bikin Chale Wote da aka fara a Jamestown a 2011 ya ba irin waɗannan samari fili. Abin da Rufai yake yi da leda, shi maƙerin Katako yake yi da ƙarfe tun kafin a haifi Rufai. Abin da ya raba su shi ne ɗaya yana sa hannu a aikinsa, ana ɗaukar hotonsa, ana yi masa ciniki da sunansa. Ɗayan kuwa dillali ne ke saye a sari.

Ba a ce zanguna ba sa girmama al'ada ba. Tun da aka fara Ranar Hausa ta Duniya a 2015, duk 26 ga Agusta ana cika fili da kiɗa da rawani. Mawaƙi da ɗan fim suna shan liƙi, kuma sun cancanta. Amma a leƙa teburin kyaututtuka: sau da yawa allon roba ne da kofin kanti ake miƙa wa babban baƙo. Kuɗin da aka kashe a kansu da ya isa a sa wani a Katako ya ƙera abin da ba a taɓa gani ba.

A Yamai akwai wuraren da aka tanada wa masu sana'ar hannu: rumfunan gidan tarihi na Boubou Hama da aka kafa a 1959, ƙauyen masu sana'a na Wadata, kasuwar SAFEM ta mata, da bikin tufafi na FIMA da Alphadi ya fara a 1998, wanda aka sha yi a birnin. Dukawa da masaƙa da maƙeran azurfa sun amfana, amma cinikin ya dogara ƙwarai ga baƙi 'yan yawon buɗe ido. Rashin tsaro ya rage su, sannan rufe iyakoki bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya ƙara tsananta lamarin. Mai sayen da ba ya gudu shi ne ɗan gida da ke waje.

Tallafin kuma ba yabo kaɗai ba ne. Bincike a wasu ƙasashen Afirka ya nuna tukunyar da aka zuba da tarkace barkatai tana iya sakin dalma a cikin abinci, ga hayaƙin da mai zubi ke shaƙa kullum, ga gobarar da ta sha cin kasuwar. Wanda ake biya da daraja shi ke iya zaɓen ƙarfe mai tsabta.

Don haka ga kira ga sarakunan zango da shugabannin ƙungiyoyinmu na Akara, Kumasi, Abijan, Sabo ta Ibadan da Agege. In za a yi taron baɗi, a aiko da oda Katako tun da wuri. A yi magana da maƙerin kai tsaye, waya da hanyar tura kuɗi duk suna nan. A ce masa, “Malam, buga sunanka a murfin,” a biya shi kuɗin gwaninta, kuma a ambaci sunan a lasifika ranar biki.