Kuɗin bincike: me ya sa ake kashe su kan hanyar tambayar majiyyaci?

Kafin a yarda da sabon magani, sai an gwada shi kan mutane, a bi su watanni ana rubuta abin da ya faru. A Batsari da Safana, inda matsalar 'yan bindiga daga dajin Rugu ta raba iyalai da ƙauyukansu, wannan bibiyar ce ta fi wuya. Uwa ta kawo yaro yau, wata mai zuwa ta yi ƙaura.

Shi ya sa masu ba da tallafi ke ware kuɗi don gyara hanyar binciken kanta. A Amurka, cibiyar PCORI da aka kafa a 2010 tana yin haka, tana kuma sa majiyyata cikin tsara tambayoyin.

Akwai misalin bibiyar majiyyata a kusa. A Madarunfa ta jihar Maradi, cibiyar Epicentre ta ƙungiyar MSF ta gwada rigakafin gudawar rota mai jure zafi kan jarirai kusan 3,500. Ban da asibiti, ma'aikata sun riƙa bin yaran har gida. Sakamakon da aka fitar a 2017 ya nuna rigakafin ya rage gudawar rota mai tsanani da kusan kashi 67 cikin ɗari.