Na'urar da ke Ƙirga Sa'o'in Direba: Yadda Ake Bin Dokar Rajistar Tuƙi a Amurka

A ƙasar Amurka, akasarin direbobin tirela da na manyan motocin safa masu tsallaka jihohi ba su da izinin kama hanya sai motarsu na ɗauke da wata na'ura da ake kira ELD. Na'urar tana haɗe da injin mota, kuma aikinta shi ne rubuta lokacin da direba ya yi yana tuƙi, da lokacin da ya yi yana wani aikin, da lokacin da ya huta. Ta sha bamban da na'urar taƙaita gudu da hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta wajabta wa motocin haya, domin ita ELD ba ta hana mota gudu. Shaida ce kawai take ajiyewa, wadda jami'in hanya zai duba ya gane ko direba ya wuce sa'o'in da doka ta yarje masa.

Asalin dokar

Ƙayyade sa'o'in aikin direbobin manyan motoci ya daɗe a Amurka, domin tun a ƙarshen shekarun 1930 gwamnatin tarayya ta fara shi. Dalili kuwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa doguwar tafiyar dare: barci ɓarawo ne, kuma gyangyaɗin daƙiƙa kaɗan a kan sitiyarin motar da ke ɗauke da tan talatin ya isa ya hallaka jama'a. Shekaru masu yawa direba ne ke cike littafin aikinsa da biro, yana jan layi a kan jadawalin sa'o'i 24. Littafin takarda kuwa duk abin da aka rubuta masa shi zai ɗauka. Wasu direbobi kan ajiye littafi biyu, ɗaya na nuna wa jami'i, ɗaya na lissafin kuɗinsu, saboda yawancinsu bisa yawan mil ɗin da suka ci ake biyansu.

A shekarar 2012 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar sufuri mai suna MAP-21, wadda ta umarci a wajabta rajistar lantarki. Hukumar FMCSA, mai kula da lafiyar sufurin manyan motoci a ƙarƙashin ma'aikatar sufuri, ta fitar da cikakkun ƙa'idojin a watan Disambar 2015. Dokar ta fara aiki ranar 18 ga Disambar 2017, sannan aka bai wa masu amfani da tsofaffin na'urori wa'adi zuwa 16 ga Disambar 2019. Hukumar ta ƙiyasta cewa tsarin zai hana haɗurra 1,844 a duk shekara, ya ceci rayuka 26. Ƙungiyar direbobi masu motocin kansu, OOIDA, ta kai ƙara tana cewa na'urar leƙen asirin direba ce, amma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da dokar a 2016, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron batun a 2017.

Sa'o'in da na'urar ke gadi

Na'urar ba ta zo da sababbin sa'o'i ba. Ƙa'idojin da take tsarewa suna nan tun kafin zuwanta, kuma wanda bai san su ba na'urar ba za ta cece shi ba. Direban dakon kaya yana iya tuƙin sa'o'i 11 bayan ya huta sa'o'i 10 a jere. Dole ne tuƙin ya kasance cikin sa'o'i 14 daga lokacin da ya fara aiki, kuma wannan agogon ba ya tsayawa don an tsaya cin abinci ko shan mai. Idan ya yi tuƙin sa'o'i 8, sai ya dakata na minti 30 kafin ya ci gaba. A mako kuma ba zai yi tuƙi ba bayan ya cika sa'o'i 60 na aiki cikin kwana 7, ko sa'o'i 70 cikin kwana 8 idan kamfaninsa na aiki kullum. Hutun sa'o'i 34 a jere yana mayar masa da lissafin makon sabo.

Direban fasinja nasa lissafin daban ne: tuƙin sa'o'i 10 bayan hutun sa'o'i 8 a jere, kuma babu tuƙi bayan sa'o'i 15 na aiki. A gyaran da aka yi a watan Satumbar 2020, an faɗaɗa wa direban kaya damar raba hutunsa gida biyu, misali sa'o'i 7 a ɗakin barcin da ke bayan kujerarsa da wasu 3 daban. An kuma ƙara masa sa'o'i 2 a kan agogon sa'o'i 14 idan ya gamu da matsalar da ba a hango ta ba, kamar dusar ƙanƙara ko haɗarin da ya toshe hanya.

Misali zai fayyace yadda lissafin ke tafiya. Direba ya fara aiki ƙarfe 6 na safe, ya ɗauki rabin sa'a yana duba tayoyi da birki da fitilu, sannan ya yi tuƙin sa'o'i 2 zuwa ma'ajiyar kaya. Can aka bar shi yana jiran lodi har ƙarfe 12:30 na rana. A lissafin tuƙi yana da sauran sa'o'i 9, amma agogon sa'o'i 14 zai cika ƙarfe 8 na dare, saboda haka sa'o'i 7 da rabi kaɗai suka rage masa. Ƙarfe 8 na yi, ko saura kilomita 30 ya isa, dole ya faka. A zamanin takarda irin wannan giɓin da biro ake cike shi. Yanzu sai dai a cike shi da tsarin tafiya tun kafin a tashi.

Waɗanda dokar ta shafa

Gaba ɗaya, dokar ta hau kan duk direban da dama can aka wajabta masa ajiye rajistar aiki: mai tuƙa motar kasuwanci tsakanin jihohi da nauyinta ya kai fam 10,001, wato kimanin kilo 4,500, da mai ɗaukar fasinjoji da yawa, da mai dakon kaya masu haɗari irin su fetur. Ta kuma shafi direbobin Kanada da Meziko muddin suka shigo ƙasar.

An ɗauke wa wasu wannan nauyi. Direban da ke zirga-zirgar kusa da gida, wanda ba ya wuce kimanin kilomita 278 daga tasharsa kuma yake komawa cikin sa'o'i 14, katin shiga da tashi daga aiki ya ishe shi. Haka wanda bai buƙatar cike rajista fiye da kwana 8 cikin kwana 30 yana iya ci gaba da takarda. Akwai kuma wanda motar da yake tuƙawa ita ce hajar da zai kai wa mai saye, da mai motar da injinta ya girmi samfurin shekarar 2000, saboda tsofaffin injuna ba su da kwamfutar da na'urar za ta yi magana da ita. Duk da haka, an yafe musu na'ura ne kawai, ƙa'idar sa'o'i tana nan a kansu.

Yadda na'urar ke aiki

Galibi na'urar kashi biyu ce: wani ɗan akwati da ake sokawa a jikin kwamfutar injin, da allo ko wayar hannu da direba ke dubawa. Kowane direba yana shiga da sunansa da lambar sirrinsa. Matsayi huɗu ne ake rubutawa: hutu, kwanciya a ɗakin barcin mota, tuƙi, da aikin da ba tuƙi ba, kamar lodi ko shan mai. Da zarar mota ta kai gudun mil 5 a sa'a, kimanin kilomita 8, na'urar da kanta za ta koma kan tuƙi. Idan mota ta tsaya minti 5, sai ta tambayi direba matsayinsa, in bai amsa cikin minti ɗaya ba ta sanya shi a kan aikin da ba tuƙi ba. Nan ne sababbin direbobi suka fi yin kuskure: mutum ya faka ya kwanta bai danna hutu ba, ya farka ya tarar daren duka an rubuta shi a matsayin aiki.

Na'urar tana ajiye kwanan wata, lokaci, sa'o'in injin, nisan tafiya, da wurin da mota take, wanda take rubutawa duk bayan minti 60 idan ana tafiya. Kamfani na iya bai wa direba izinin wasu matsayi biyu na musamman. Ɗaya na juya mota a cikin harabar kamfani ko ma'ajiya ne, wanda ake lissafa shi aiki amma ba tuƙi ba. Ɗayan na amfani da mota don buƙatar kai ne bayan tashi daga aiki, kamar zuwa gidan abinci. A wannan yanayi na'urar kan rage tantance wuri zuwa da'irar mil 10 don kare sirrin direba. Amfani da wannan dama don matsar da kaya gaba ƙarya ce a rajista, kuma jami'ai sun san inda suke duba ta.

Ana iya gyara kuskure, amma da sharaɗi. Kowane gyara sai an rubuta dalilinsa, kuma ainihin bayanin farko ba ya gogewa. Lokacin tuƙin da na'urar ta rubuta da kanta ba a rage shi. Idan ofis ya ba da shawarar gyara, ba zai zauna ba sai direba ya amince. A ƙarshen kowace rana direba zai tabbatar da cewa rajistarsa gaskiya ce, wanda daidai yake da sa hannu.

Bincike a bakin hanya da lalacewar na'ura

Idan jami'i ya tsayar da mota a wurin auna nauyin motoci ko a gefen titi, yana neman bayanan ranar da na kwanaki 7 da suka gabata. Direba zai tura su ta intanet ko imel, ko ta USB ko Bluetooth, gwargwadon irin na'urarsa. Idan turawar ta ƙi, sai ya nuna allon ko ya buga takarda. Abubuwa huɗu ne doka ta ce kada a rasa su a mota: littafin bayanin na'urar, takardar da ke nuna yadda ake tura bayanai, takardar matakan da za a bi idan ta lalace, da fararen takardun rajista da za su isa aƙalla kwana 8. Wanda aka kama ba shi da na'ura alhali ta wajaba a kansa, ana dakatar da shi nan take na sa'o'i 10, ko 8 idan direban fasinja ne, laifin kuma ya shiga kundin kamfaninsa.

Idan na'ura ta lalace, direba zai sanar da kamfani a rubuce cikin sa'o'i 24, ya sake gina rajistar ranar da ta kwanaki 7 na baya a takarda in ba a iya ciro su, ya ci gaba da biro har a gyara. Kamfani na da kwana 8 ya gyara ko ya sauya, sai fa in ya nemi ƙarin lokaci daga hukuma.

Nauyin da ke kan kamfani

Masu ƙera na'urorin su ne ke shaidar cewa hajarsu ta cika ƙa'ida, su yi rajistarta a jerin hukumar FMCSA. Saboda haka hukumar kan cire wasu daga jerin idan ta gano naƙasu, ta bai wa masu motoci kwana 60 su sauya. Mai mota da ya sayi na'ura don araha bai riƙa duba jerin ba, yana iya wayar gari direbansa na tafiya da abin da doka ba ta san da shi ba.

Kamfani zai ajiye bayanan na'ura na wata 6 tare da kwafi a wani wuri daban, da takardun da ke gaskata su, irin su takardar kaya, rasit da takardar albashi. Zai kuma bi diddigin duk tafiyar da mota ta yi ba tare da wani direba ya shiga na'urar ba, ya danganta ta ga mai ita ko ya rubuta bayani. Doka ta haramta amfani da na'urar wajen matsa wa direba ya yi tuƙi alhali ya gaji ko sa'o'insa sun ƙare, kuma dole ta kasance da hanyar kashe sauti lokacin da yake barci. Wannan batu na da nauyi, domin a 2011 kotu ta soke wata doka makamanciyar wannan saboda ba ta kare direbobi daga tsangwama ba.

Iyakar abin da na'ura ke iyawa

Na'urar tana ƙirga motsin mota, amma ba ta ganin idon direba. A watan Yunin 2014 wata tirela ta afka wa motar da ke ɗauke da ɗan wasan barkwanci Tracy Morgan a jihar New Jersey, mutum ɗaya ya rasu. Masu bincike sun gano cewa direban ya shafe fiye da sa'o'i 28 bai runtsa ba, domin ya yi doguwar tafiya a motarsa ta gida daga jihar Georgia kafin ya karɓi aiki. Babu rajistar da ke rubuta irin wannan gajiya. Direbobi kuma na kokawa da ƙarancin wuraren faka manyan motoci da daddare, da jiran lodi na sa'o'i da sau da yawa ba a biyansu, abin da kan sa wasu ƙara wuta don su riga agogo.

Wasu ƙasashen sun bi hanyoyi masu kama da wannan. Tarayyar Turai ta wajabta na'urarta ta zamani mai katin direba a sababbin manyan motoci tun 2006, inda tuƙin yini yake sa'o'i 9, da hutun minti 45 bayan sa'o'i 4 da rabi. Kanada ta kafa tata dokar a watan Yunin 2021, ta fara hukunci a kanta a Janairun 2023, kuma ta bambanta da Amurka a abu guda muhimmi: ba a karɓar shaidar mai ƙera na'ura, sai wata cibiya mai zaman kanta ta gwada ta kafin a saka ta a mota.