Kwalbar maganin ƙwari a lungun ɗaki

A gidaje da yawa a Unguwar Rogo, cikin Sakkwato, za ka tarar da kwalbar maganin ƙwari a lungu kusa da buhun wake, ko a saman taga, an ajiye ta don sauro. Ba wanda ke mata kallon haɗari.

Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa suna yi mata. Yawanci ƙuncin da ke kai mutum ga tunanin hallaka kansa yakan taso ne kwatsam, bayan faɗa ko matsin bashi, kuma sau da yawa yakan lafa cikin ɗan lokaci. Idan abin kisan bai kusa, zuciya takan huce kafin a kai gare shi. Mafi yawan waɗanda suka tsira ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari ne. Siri Lanka ta haramta mafi dafinsu, sai adadin masu kashe kansu a ƙasar ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1995 da 2015, noma kuma bai durƙushe ba.

A nan gida, hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben wasu irinsu a 2019, sai dai dokar ba ta shiga cikin ɗaki. Wannan aikin maigida ne: ya sa kwalbar a akwati ya kulle, wanda ya shiga damuwa kuma a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware.