Gidan Magajin Garin Faris: Shekara Ɗari Shida Ana Jayayya a Kansa

A gaɓar dama ta Kogin Sen, tsakiyar birnin Faris, akwai wani gini na farin dutse wanda tsawon fuskarsa ya haura mita 140, wanda baƙo in ya hango shi daga kan gada, ya ga dogayen rufinsa masu gangara da bututan hayaƙi jere a kansu, da agogon da ke tsakiya ƙarƙashin hasumiyar ƙararrawa, lalle zai ɗauka fadar wani sarki ce ta zamanin da. Alhali kuwa babu sarkin da ya taɓa mai da shi mazauninsa. Faransawa suna kiransa Otel di Bil, kuma a nan ne magajin gari da majalisarsa suke gudanar da al'amuran birni, irin su shara da fitilu da kasuwanni da makarantun yara ƙanana.

Asalinsa daga fatake ne. A ƙarni na 14 na Miladiyya, attajiran da ke safarar kaya a cikin kogi su ne masu faɗa a ji a birnin, har ma jirgin ruwansu ne ya zama tambarin Faris zuwa yau, kuma shugabansu, wanda za mu iya kira sarkin fatake, shi ne ke riƙe da ragamar gari. A shekarar 1357, lokacin da Sarki Jan na Biyu yake tsare a hannun Ingilishi bayan an ci shi da yaƙi, sarkin fatake na zamanin, Etiyen Marsel, ya sayi wani gida mai ginshiƙai a bakin dandalin da jirage ke sauke kaya, domin jama'ar gari su sami wurin shawara nasu na kansu. Bai tsaya nan ba, sai da ya nemi ya ɗaure hannun yarima mai jiran gado, har mutanensa suka kashe biyu daga manyan fadawa a gaban idon yariman; a ƙarshen Yuli na 1358 shi ma aka kashe shi. Tun daga ranar sarakunan Faransa suka gane cewa gidan nan, ko da yake ba a ajiye dakaru a cikinsa, abin sa wa ido ne.

Sarki Faransuwa na Ɗaya, wanda ya shahara da son ma'abota fasaha na ƙasar Italiya, shi ne ya ga bai dace babban birnin daularsa ya zauna da tsohon gidan fatake ba, ya sa wani gwanin zane Ba'italiye da ake yi wa laƙabi da Bokado ya tsara sabo. An aza harsashi a 1533, amma saboda yaƙe-yaƙen da suka ɓarke tsakanin Katolika da Furotesta, da ƙarancin kuɗi, ba a kammala ba sai 1628, wato shekara 95, a zamanin Luwi na 13. Hikimar ginin ita ce gwama abu biyu: daidaiton tagogi da ginshiƙai irin na Italiya a jikin bango, da tsinin rufi irin na arewacin Turai, inda tilas ruwa da ƙanƙara su sami hanyar zubewa. Shi kuwa dandalin da ke gabansa, a nan ake zartar da hukuncin kisa a bainar jama'a, a nan kuma leburori ke taruwa da asuba suna jiran wanda zai ɗauke su aiki.

Da juyin juya hali ya zo a 1789, sai gidan ya koma cibiyar fitina. Ran 14 ga Yuli, bayan an fasa kurkukun Bastil, jama'a suka harbe sarkin fatake na ƙarshe a ƙofar gidan, washegari aka naɗa wani masanin taurari mai suna Bayi magajin gari na farko, sa'an nan ran 17 ga wata Sarki Luwi na 16 da kansa ya zo ya karɓi alamar masu juyi ya maƙala a hularsa, wanda duk mai hankali ya san saranda ce. Bayi bai tsira ba, an sare kansa a 1793. A cikin gidan nan kuma aka kama Robesfiyer, jagoran masu juyi, a 1794 da muƙamuƙi a farfashe. Bayan haka hukuma ta soke muƙamin magajin gari, Napoliyon kuma ya ɗora birnin a hannun hakimin da gwamnati ke naɗawa.

Babbar musiba ta auku ran 24 ga Mayu, 1871. Bayan Jamusawa sun ci Faransa da yaƙi, talakawan Faris suka yi tawaye suka kafa mulkin kansu a wannan gida, suka riƙe birni wajen wata biyu. Da sojojin gwamnati suka shigo suna karkashe mutane unguwa-unguwa, sai masu tawayen suka cinna masa wuta. Asarar dutse da katako mai sauƙi ce, domin an mayar. Abin da ba a mayar ba shi ne takardu: rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta mutanen Faris tun daga ƙarni na 16 har zuwa 1860 ta ƙone ƙurmus, kwafin da aka ajiye a babbar kotu shi ma wuta ta cinye shi a cikin makon. Sai da aka shafe shekaru ana roƙon iyalai su kawo abin da ke akwatunansu, kafin mutum ya iya tabbatar da nasabarsa ko haƙƙinsa na gado.

Saboda haka ginin da ake gani yau, duk da kamannin tsufa da ke gare shi, na ƙarshen ƙarni na 19 ne. Magina biyu, Balu da Defart, su suka ci gasar sake shi a 1873, aka buɗe a 1882. Sun kwaikwayi fuskar Bokado a tsakiya, suka faɗaɗa gefuna, suka cika gurabun bango da gumakan shahararrun 'ya'yan birnin, malamai da mawaƙa da masu zane, fiye da ɗari. A ciki kuwa suka yi zauren biki mai ruwan zinariya da fitilun ƙarau, wanda aka tsara da gangan don ya yi gogayya da zauren madubai na fadar Barsai. A ganina adon ya yi yawa, irin na wanda ya yi sabon arziki yana so a sani. Amma manufar a fili take, wato a nuna cewa jamhuriya ma tana iya abin da sarakuna suka iya. Har Marsel, ɗan tawayen farko, aka yi masa gunki a kan doki ta wajen kogi.

Abin mamaki shi ne an ƙawata gidan aka kuma hana shi mai gida. A nan Janar Digol ya yi jawabin 'yantar da Faris daga mamayar Jamusawa ran 25 ga Agusta, 1944, amma ko shi bai mayar wa birnin magajinsa ba. Sai a 1977, shekara 106 bayan gobarar, aka zaɓi Jak Shirak, wanda ya zauna a kujerar har ya zama shugaban ƙasa a 1995. Mace ta farko, An Hidalgo, ta hau a 2014. Har yanzu babban jami'in da ke kula da tsaron Faris gwamnatin ƙasa ce ke naɗa shi, kuma birnin bai sami 'yan sandan kansa ba sai a 2021.