Kafar Allura da Idon Fara

Tun ina yaro aikina ne zura wa Inna zare a allura. Takan kira ni daga wajen wasa, in tsaya a bakin ƙofar ɗaki inda haske ke shigowa ta gefe, in lashi bakin zaren, in murza shi, in ɗauke numfashi. Da hannu ya ɗan girgiza, zare ya goce. Na manta da wannan aiki sarai, sai daminar bara da na sayi wani ɗan gilashi da ake maƙala wa kyamarar waya don ƙara girman ƙananan abubuwa, na je na tsuguna gaban wata tumfafiya a bayan gidanmu.

Gilashin ba ya ganin komai sai ka kai shi dab da abu, wajen santimita 2 ko 3. A wannan kusanci, ɗan wurin da ke fitowa tar bai fi kaurin zare ba. Gabansa dishi-dishi, bayansa dishi-dishi. In idon fara ya fito, ƙafafunta sun narke. In ka bi ƙafa, ido ya tafi. Babu kuma abin murɗawa da zai taimake ka. Jikinka kake turawa gaba, ka ja baya, gwiwar hannu a kafe a cinya, numfashi a riƙe, har ido ya faɗo cikin layin nan ka danna. Zura zare ne sak, sai dai allurar Inna ba ta da fukafukai.

Makon farko da hantsi nake fita, in dawo da hotunan ganye barkatai, mai gidan ya tashi. Wata tsohuwa mai sayar da soyayyar fara ce ta gyara mini lissafi. Ta ce, "Ɗan nan, a garinku da rana ake kamun fara? Mu tun kafin kiran salla muke daji." Gaskiyarta. Ƙwaro ba ya ɗumama jikinsa kamar mu, sanyin dare kan sandarar da shi, sai rana ta gasa shi yake iya tashi. Na koma fita bayan sallar asuba. A lokacin malam-buɗe-littafi yana rataye a ciyawa da raɓa a fiffike, ko ka kai masa waya har hanci ba ya ko gezau.

Haske ma sai da ya ba ni wahala. Fitilar waya kan ƙona bayan buzuzu ya zama fari fat, kamar an shafa masa mai. Da na rufa wa tocila farar leda na haska daga gefe, sai gashin ƙafarsa ya bayyana ɗaya bayan ɗaya. Ashe ba banza Inna ke tsayar da ni a bakin ƙofa ba a tsakar gida ba. Iska kuwa ba ni da maganinta. Nakan tokare karan fure da tsinken tsintsiya in jira ta lafa.

Tumfafiyar da muke wucewa kullum, mu ce wa yara kada ruwanta ya shiga ido, furenta tauraro ne mai kunne biyar, fari da bakin shuni, da ɗan kambi a tsakiya kamar aikin maɗinkin hula. Garin furenta ba ya watsewa. A ƙunshe yake cikin 'yan jakunkuna da ke maƙalewa a ƙafar ƙwaron da ya zo shan zaƙi, ya tafi da su wani furen. Farar da ke zaune a kanta rawaya ce mai ɗigo-ɗigo, ba ta gudu, don ta ci ganye mai dafi kuma tsuntsaye sun sani. Ita ce ta fi kowa haƙuri da ni.

Hoton da na fi so na ƙuduji ne, furen nan ja-ja mai kyau da na ɗauka a gonar dawa cikin Satumba. Na nuna wa kawuna da murna. Ya duba, ya tsuke fuska, ya ce, "Wannan wuta-wutar da ke shanye mini dawa ta ƙarƙashin ƙasa? Ka tumɓuke ta dai bayan ka gama?" Ban tumɓuke ba.

Ran nan na nuna wa Inna idon ƙuda, mai ɗakuna dubbai a jere kamar saƙar zuma. Ta kawar da kai, ta ce in ɗauke mata ƙazanta. Can ta lalubo allura a bakin ɗankwali ta miƙo mini, ta ce tunda idona ya kai nan, in zo in zura mata zare. Na koma bakin ƙofa, na lashi zaren. Sai a karo na huɗu ya shiga.