Hasken Leza da Binciken Lafiyar Rufin Tsofaffin Gine-gine

A wannan ɗan rubutu ina son in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayanin yadda masana ke amfani da hasken leza wajen gano ɓarnar da ta samu tsofaffin gine-gine, musamman masu lanƙwasasshen rufi. Magina Hausawa suna kiran wannan lanƙwasa bakan gizo, in kuwa bakunan sun haɗu sun rufe ɗaki sai a ce ɗaurin guga, irin wanda Babban Gwani ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Na ƙasar Hausa da azara da ƙasa ake yin sa. Na manyan majami'un Turai kuwa duwatsu ne aka jera, kowanne yana tokare da ɗan'uwansa.

Nauyin irin wannan rufi yana dannawa ƙasa, yana kuma tura bango waje. Da zarar bango ya ɗan buɗe, sai tsakiyar rufin ya sauko, tsagewa ta biyo baya. To, wane ido ne zai ga saukowar santimita biyu a rufin da tsayinsa ya haura mita 30?

A nan ne na'urar leza ke shigowa. Ana kafa ta a kan ƙafafu uku, tana juyawa tana harba haske. Hasken yana gudun kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa, saboda haka idan ya bugi dutse ya dawo, na'urar tana lissafa nisan daga lokacin da ya ɗauka. Kowane harbi ɗigo ɗaya ne. Idan ɗigogin suka taru, kwamfuta takan haɗa su su fitar da siffar ginin. Turawa suna kiran wannan tari gajimaren ɗigogi, kuma ban ga laifin mu ari sunan haka ba.

Misalin da ya fi shahara shi ne majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris a Faransa. Andrew Tallon, malamin tarihin zane da gine-gine a Kwalejin Vassar ta Amurka, ya auna ta da leza, ya tara ɗigogi fiye da biliyan ɗaya. Ya rasu a shekarar 2018. A ranar 15 ga Afrilu, 2019 gobara ta cinye katakon saman ginin, hasumiyar tsakiya ta faɗi, rufin dutsen ya ɓurma a wurare uku. Shiga ƙarƙashin sauran rufin kasada ce, amma leza daga nesa take aiki. Aka sake aunawa, aka samu abin da za a kwatanta sabon awon da shi.

A ganina wannan kwatancen shi ne zuciyar aikin. Awo ɗaya yana nuna cewa rufi ya karkace, amma ba ya faɗin ko jiya ya karkace ko tun shekaru 800 da suka wuce, domin tsohon gini ba ya rasa karkata. Sai da awo biyu ake sanin abin da ya motsa.

Sai dai leza fatar gini kawai take gani. Ba ta sanin abin da wuta da ruwan 'yan kwana-kwana suka yi wa cikin dutse, haka ma tsagewar da ta fi tazarar ɗigogin siranta tana iya kuɓuce mata. Don haka sai da masana suka duba duwatsun da hannu da wasu gwaje-gwaje kafin a sake buɗe majami'ar a watan Disamba, 2024.