Me Ya Sa Hujin Saman Kunne Ke Jinkirin Warkewa?

Ɗalibai mata da yawa sun san cewa hujin da aka yi musu a fatar kunne tun suna jarirai bai ba da wahala ba, amma ƙarin hujin da ake yi a saman kunne yakan daɗe yana kumburi. Dalili shi ne, jini ne ke kai wa rauni abinci da dakarun yaƙi da ƙwayoyin cuta. Fatar ƙasan kunne tana da wadatar jijiyoyin jini, don haka takan warke cikin mako 6 zuwa 8. Saman kunne kuwa guringuntsi ne, jini ba ya ratsa shi, sai ya ɗauki watanni. In mugunya ta taru a cikinsa, tana iya lalata siffar kunnen har abada.

Akan ce a riƙa juya ɗan kunne don kada ya manne. Wannan kuskure ne, domin juyawar tana yage sabon naman da ke tsirowa. Shafa toka ko kananzir ya fi muni. A wanke hannu, a goge wurin da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri bayan ya huce, sau biyu a rana. Idan zafi da kumburi suka ƙaru ko zazzaɓi ya zo, sai a garzaya asibiti.